Malamin ƙididdigar lafiya a jami'a: aikinsa, karatunsa da matakan girma

Ƙididdigar lafiya, wadda masu faransanci ke kira biyostatistik, fanni ne na ilimi da ke amfani da lissafi don gane yadda cututtuka ke yaɗuwa cikin jama'a, da kuma tabbatar da ko magani ko rigakafi na aiki. Likita na duba majinyaci ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa masanin ƙididdiga yana duba alƙaluman dubban mutane a lokaci guda. Wanda ya zaɓi wannan fanni a jami'a aiki biyu ke kansa: koyarwa da bincike.

Abin da yake koyarwa

Ɗalibansa su ne masu karatun likita, haɗa magunguna da kiwon lafiyar jama'a. Yana koya masu yadda ake zaɓen mutanen da za a yi bincike a kansu domin su wakilci sauran jama'a, da adadin da ya kamata a ɗauka, da yadda ake bambanta sakamako na gaskiya da wanda ya faru bisa dace kawai. Yana kuma horar da su kan manhajojin kwamfuta irin su R, Stata, SPSS da Epi Info. Ɗaliban likita da ke rubuta kundin ƙarshen karatu kan koma wurinsa idan lokacin tace alƙaluma ya yi.

Misalai daga Nijar

A gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, cibiyar bincike ta Epicentre ta gwada rigakafin Rotasiil, mai kare jarirai daga zawon da ƙwayar rota ke haddasawa. An raba jarirai fiye da 3,500 gida biyu ta hanyar ƙuri'a: wasu suka sha rigakafin, wasu suka sha abin da ya yi kama da shi amma babu magani a ciki. Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna rigakafin na rage zawo mai tsanani da kusan kashi 67 cikin 100. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta amince da shi.

A jihar Doso kuma, binciken MORDOR ya ba yara ƴan wata 1 zuwa 59 maganin azitromisin sau biyu a shekara. A nan ƙauyuka aka jefa wa ƙuri'a, ba yara ɗaiɗai ba. Rahoton 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100 a ƙauyukan Nijar da suka sami maganin. Idan lissafin irin wannan bincike ya karkace, gwamnati na iya kashe kuɗi a kan maganin da ba ya aiki, ko ta yi watsi da wanda zai ceci rayuka.

Hanyar karatu

Ƙofa biyu ake bi. Ta farko ta likitoci ce: bayan kammala karatu a tsangayar kimiyyar lafiya, kamar ta Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ko ta Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, ko ta Jami'ar André Salifou ta Damagaram, sai mutum ya ƙware a kiwon lafiyar jama'a. Ta biyu ta masu lissafi ce, bisa tsarin LMD: lisans shekara 3, mastar shekara 2, doktora shekara 3 ko fiye. Daga cikin makarantun da ake nufa a waje akwai ENSEA ta Abijan, ENSAE ta Dakar, ISSEA ta Yawunde, IRSP ta Wida a Benin, da ISPED ta Bordo a Faransa. Kowace ƙofa aka bi, sai an cike giɓi: likita ya ƙara lissafi, mai lissafi ya koyi yadda cuta take. Turanci ma ya zama dole, domin da shi ake buga yawancin manyan mujallun fannin.

Matakan girma

Hukumar CAMES ce ke tantance malaman jami'o'in ƙasashen Afirka masu amfani da faransanci. A Yamai aka kafa ta a 1968, hedikwatarta kuma tana Wagadugu. Matakan huɗu ne: assistant, maître-assistant, maître de conférences, sai professeur titulaire, wato cikakken farfesa. Kowace shekara kwamitocin CAMES na duba takardun masu neman ƙarin girma, suna auna maƙalolin da suka wallafa, shekarun da suka yi suna koyarwa, da ɗaliban da suka jagoranta. Likitoci kuwa na hawa mataki na uku ne ta gasar agregasiyo, wadda ake yi duk bayan shekara biyu.

Abokan aiki da ƙalubale

Malamin ba a aji kaɗai yake aiki ba. Yana hulɗa da ma'aikatar kiwon lafiya, da cibiyar ƙididdiga ta ƙasa INS, da cibiyar bincike ta CERMES da ke Yamai, wadda ta yi suna wajen bin diddigin sanƙarau. Alƙaluman da yake tacewa na somawa ne daga rajistar da ma'aikatan CSI ke cikewa da hannu, don haka kuskuren da aka yi a ƙauye na biyo shi har ofis.

Kuɗin manyan bincike galibi daga waje suke zuwa. MORDOR, alal misali, masana na Jami'ar Kaliforniya da ke San Faransisko ne suka jagorance shi. Ga kuma ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa da ke jan ƙwararru da albashin da ya fi na jami'a. Duk malamin da ya bar aji, ɗaliban da zai horar ne ke asara. Ƙasar da ke da masu ƙididdigarta kuwa ita ke zaɓen tambayoyin da za a bincika, ta kuma karanta sakamakon da kanta kafin ta yanke shawara a kan lafiyar jama'arta.