Tsibirin Darak da bandar tafkin Chadi

Darak wani ƙaramin tsibiri ne na masunta da ke kudancin tafkin Chadi, a lardin Arewa Mai Nisa na ƙasar Kamaru.

Duk da ƙanƙantarsa, sunansa ya kai har gaban Kotun Duniya, kuma yana daga cikin tsibiran da suka daɗe suna samar da busasshen kifin da ake kira banda, wanda ake sayarwa tun daga Maiduguri da Kano har zuwa kasuwannin karkara irin na Kangire da Gwaram a kudancin jihar Jigawa.

Yadda masunta suka bi ruwa

A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Sai dai farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 ya sa ya ragu zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wannan faɗi.

Da ruwan ya janye daga gaɓar Nijeriya, sai masunta suka bi shi gabas, suna kafa sansani a kan tuddan da suka bayyana. Ta haka ne Darak ya bunƙasa a shekarun 1980, inda Hausawa da Barebari da Larabawan Shuwa da wasu masunta daga ƙasar Mali suka zauna tare.

Kafin zuwan waɗannan baƙi, 'yan ƙabilar Buduma, masu kiran kansu Yedina, su ne aka sani da zama a tsibiran tafkin, suna kamun kifi tare da kiwon shanun Kuri masu kaurin ƙaho.

Mafi yawan ruwan tafkin dai yana shigowa ne daga kogunan Chari da Logone. Ta ɓangaren Nijeriya da Nijar kuwa akwai Komadugu Yobe, wanda ke samun ruwansa daga kogunan Haɗeja da Jama'are. Rafukan yankin Birnin Kudu da Gwaram na daga cikin masu malala zuwa kogin Jama'are.

Taƙaddamar kan iyaka

Hukumomin Nijeriya sun riƙa gudanar da mulkin Darak da ƙauyukan da ke kewaye da shi a matsayin wani ɓangare na jihar Borno, abin da Kamaru ta ce mamaye ne.

A shekara ta 1994 Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke birnin Hague, a shari'ar da ta haɗa da tsibirin Bakassi.

Nijeriya ta kafa hujja da cewa 'yan ƙasarta ne ke zaune a wurin, kuma ita ce ke mulkinsu. Amma a hukuncin da ta yanke ranar 10 ga watan Oktoban 2002, kotun ta dogara ne da yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1919 da 1931, ta ce yankin na Kamaru ne.

A watan Disamban 2003 Nijeriya ta janye jami'anta daga ƙauyuka kimanin talatin na yankin, ciki har da Darak. Masunta da dama sun zaɓi ci gaba da zama, domin a nan abincinsu yake.

Kifaye da kayan su

Daga cikin kifayen da aka fi kamawa a tafkin akwai tarwaɗa da karfasa da bargi da kurungu da gaiwa. Giwan ruwa da ragon ruwa sun fi yawa a zamanin da tafkin ke da zurfi. Da ya koma fadama mai ciyayi, sai tarwaɗa da karfasa, waɗanda ke jure wa ƙarancin iska a ruwa, suka rinjaya.

Masunta na amfani da kalli da birgi da mamari, da kuma gura, wato tarkon kifi da aka yi ittifaƙin ya samo asali daga Mali. Idan aka jera gura da yawa aka datse mashigar ruwa, shi ake kira dumba. Wannan dabara kan haddasa rigima, saboda tana tare kifi manya da ƙanana, ta bar na ƙasa da ita hannu rabbana.

Daga banda zuwa tukunya

Da yake tsibiran ba su da wutar lantarki ko ƙanƙara wadatacciya, dole ne a sarrafa kifi a ranar da aka kama shi, in ba haka ba zafi ya lalata shi.

Akan yanka manyan kifaye gunduwa-gunduwa, ko a naɗe tarwaɗa, a ɗora a kan wuta mai hayaƙi har ta bushe. Ƙananan kifaye kuwa, irin su kawara, shanya su ake yi a rana. A Chadi ana kiran wannan salanga.

Daga nan sai a zuba a kwali, a ɗora a jirgin ruwa zuwa gaɓa. Kasuwar Doron Baga ta yi suna wajen wannan fatauci, haka ma Tashar Baga da ke Maiduguri, inda manyan motoci ke lodi zuwa Kano da Onitsha da Legas.

A tsibiran, ɗanyen kifi ne abincin yau da kullum, a yi farfesu ko a gasa, a ci da tuwon masara ko na dawa. A ƙasar Hausa kuwa banda ce ke maye gurbin nama a gidaje da dama. Akan jiƙa ta a ruwan zafi, a cire ƙaya, a zuba a miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa ko yakuwa. Wasu kan yi dambun kifi, wanda ke daɗewa bai lalace ba.

Babbar matsalar banda ita ce ƙwari. Jami'an kiwon lafiya sun sha gargaɗi game da yadda wasu fatake ke yayyafa mata maganin ƙwari, abin da ke da haɗari ga masu ci.

Misali daga Asiya

Wannan buƙata ta adana kifi ba a tafkin Chadi kaɗai take ba. A ƙasar Kambodiya, tafkin Tonle Sap kan ninka faɗinsa sau da dama a lokacin damina, sa'annan ya janye da rani.

Al'ummar Khmer da ke can kan cuɗa ƙananan kifaye da gishiri su ajiye su a tulu har su ruɓa, su zama abin da suke kira prahok. Matsayinsa a girkinsu kamar na daddawa ne a miyar Bahaushe. Bambancin shi ne, su gishiri suka dogara da shi, masuntan Chadi kuwa hayaƙi da rana.

Illar rikici

Rikicin Boko Haram ya yi wa wannan sana'a mummunar illa. A watan Janairun 2015 mayaƙan ƙungiyar sun kai farmaki Baga da Doron Baga, inda suka kashe mutane da dama, dubbai kuma suka tsere.

A wannan shekarar ce hukumomin Nijar suka kwashe mazauna tsibiran da ke ɓangarensu, suka kuma haramta cinikin kifi a jihar Diffa. Sojojin Nijeriya ma sun taƙaita safarar kifi a Borno, bisa hujjar cewa masu tayar da ƙayar baya na samun kuɗi ta hanyar karɓar haraji daga masunta.

Shi kansa Darak an kai masa hari a watan Yunin 2019, inda aka kashe sojojin Kamaru da fararen hula.

Masu bincike sun gano cewa tafkin ya ɗan farfaɗo tun daga shekarun 1990, saɓanin yadda aka yi hasashen zai ƙafe. Sai dai kuma rashin tsaro ya sa isa ga ruwan ya fi wuya ga masunta, kuma duk lokacin da hanyar Baga ta toshe, magidanta a garuruwa masu nisa kamar Birnin Kudu kan ji a jikinsu ta hanyar tsadar kifin miya.