Jiragen Akwatin Gawa: Yadda Yunwa Ta Kora Mutanen Ailan Cikin Teku

Dankalin Turawan nan da muke saye a kasuwa ba tare da mun ba shi wani muhimmanci ba, shi ne ya taɓa zama ran al'umma guda. A tsibirin Ailan, yamma da Ingila, ƙidayar 1841 ta nuna mutum miliyan 8 da 'yan kai, kuma kusan miliyan 3 daga cikinsu ba su da wani abinci sai dankali, safe da rana da dare. A lokacin Ailan tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya, mafi yawan gonaki kuwa na wasu 'yan tsirarun masu ƙasa ne, da yawansu ma a Ingila suke zaune. Talaka yakan noma hatsi ko ya yi kiwo don biyan hayar gona, ya bar ɗan fegin dankali don cikin iyalinsa.

A watan Satumba na 1845 wata cuta mai kama da funfuna ta faɗa wa dankalin. Sai a tono shi lafiya lau, bayan 'yan kwanaki ya yi baƙi ya ruɓe. A 1846 kusan duk amfanin ya lalace. Gwamnatin Robert Peel ta sayo masara daga Amurka, amma wadda ta gaje ta, ta John Russell, ta tsaya a kan cewa kada a taɓa harkar kasuwa. Saboda haka jirage suka ci gaba da fita da hatsi da dabbobi daga tashoshin Ailan alhali mutane na mutuwa a bakin hanya. A 1847 aka ƙara da wata doka: duk mai riƙe da gonar da ta wuce rubu'in eka ba shi da rabo a agajin gwamnati sai ya sake ta. Masu ƙasa kuma, da yake su ke biyan harajin agaji a kan ƙananan gonaki, sai suka shiga korar 'yan haya suna rushe musu ɗakuna. Hausawa na cewa abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Wutar mutanen Ailan ita ce Tekun Atlantika.

Wanda ya sami ɗan abin hannu yakan nufi New York ko Boston. Matalauci kuwa sai Kanada, domin kuɗin jirginta ya fi sauƙi. Dalili shi ne jiragen da ke kawo katako daga Quebec suna komawa babu kaya, sai masu su suka kafa gadajen katako a inda ake loda itace, suka cika wurin da mutane. Tafiyar takan ci mako shida zuwa takwas, wani lokaci fiye da haka idan iska ta ƙi. Ruwan sha a ƙididdige, abinci kaɗan, babu likita, kuma idan hadari ya taso sai a rufe ƙofofin sama, a bar ɗaruruwan mutane cikin duhu da ɗoyi. A irin wannan cunkoso ƙwarƙwata ke yaɗa zazzaɓin taifus daga jiki zuwa jiki, ga kuma atini. Wanda ya cika sai a jefa shi teku. Daga nan jiragen suka sami sunan jiragen akwatin gawa.

Labarin mutanen Strokestown ya isa misali. Mai ƙasarsu, Manjo Denis Mahon, ya lissafa ya ga biya musu kuɗin jirgi ya fi masa arha a kan ciyar da su, sai ya tura mutum 1,490 Kanada a 1847. Da ƙafa suka tako har Dublin, daga nan aka tsallaka da su Liverpool. Ɗaya daga cikin jiragensu, Virginius, ya tashi da mutum 476, amma 158 sun mutu kafin a ga gaɓa. A watan Nuwamba na shekarar aka harbe Mahon har lahira.

Masu isa Kanada sai sun tsaya a Grosse Île, wani tsibiri a kogin Saint Lawrence da aka ware tun 1832 don killace baƙi marasa lafiya. Likitan wurin, George Douglas, yana da gadaje 'yan ƙalilan, amma kafin ƙarshen watan Mayu na 1847 jirage kusan 40 sun yi layi a kogin. An binne mutum 5,424 a tsibirin a wannan shekara kaɗai. Wasu kimanin 6,000 sun mutu a rumfunan jinya na Montreal, har magajin garin, John Easton Mills, ya kamu da cutar wajen kula da su ya rasu. Iyalai masu magana da Faransanci sun ɗauki marayu da dama suka rena, wasu ma aka bar musu sunayen iyayensu.

Kada mai karatu ya ɗauka teku ce ta yi wannan kisa. Jirgin Jeanie Johnston ya yi sawu 16 daga yankin Tralee tsakanin 1848 da 1855, ya ɗauki mutum kusan 2,500, bai rasa ko rai ɗaya ba. Bambancinsa shi ne ba a cika shi fiye da ƙima, kuma akwai likita a cikinsa. Abin da ya halaka sauran shi ne haɗamar masu jirage da sakacin hukuma.

Taimako ya zo daga inda ba a zata ba. Sarkin Daular Usmaniyya, Abdulmajid, ya aiko da fam 1,000. Ƙabilar Choctaw ta Amurka, wadda ba ta daɗe da shan kora daga ƙasar kakanninta ba, ta tara dala 170. Amma mafi girman agaji daga 'yan gudun hijirar kansu ya fito: wanda ya tsira yakan yi leburanci ko aikatau, ya aiko da kuɗin jirgin ƙanensa, ƙanen kuma ya jawo na bayansa. A ƙauyuka, daren da mutum zai tafi akan taru a yi masa zama irin na makoki, domin an san da wuya a sake ganinsa.

Zuwa 1852 kusan mutum miliyan ɗaya sun mutu, fiye da miliyan ɗaya sun bar ƙasar. Da yawa daga cikinsu masu magana da harshen Ailan na asali ne, wanda a cikinsa ake kiran wannan masifa An Gorta Mór, wato Babbar Yunwa. Jikokinsu a Amurka sun riƙe suna da addini da ƙaunar ƙasar, amma harshen ya kuɓuce musu. Har yau ɗin nan, yawan mutanen tsibirin bai koma yadda yake a 1841 ba. Allah Ya raba mu da yunwa, Ya ba shugabanni tausayin talakawansu.