Kwoi, Satumba 2016: ƙasa ta motsa, ta sake motsawa

Mu 'yan kudancin Kaduna mun tashi muna ɗaukar girgizar ƙasa labarin nesa, abin da ake ji a rediyo ya faru a Japan ko Iran. Wanda ya girma a Kafanchan yana kallon duwatsun Kagoro safe da yamma, da wuya ya kawo wa ransa cewa ƙasar da ta ɗauki wannan nauyi za ta yi ko gezau. Ranar Lahadi 11 ga Satumba 2016 aka warware mana wannan zato a Kwoi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jaba. Rugugi ya taso daga ƙarƙashin ƙasa, kwanon rufi ya kaɗa, bangon gidaje ya tsattsage. Washegari Litinin, ranar Babbar Sallah, abin ya dawo. Bai tsaya a Kwoi ba, ya taɓa ƙauyukan ƙabilar Ham na kewaye, har da Nok, garin da duniya ta sani saboda mutum-mutumin yumɓu masu shekara fiye da dubu biyu.

Na'urorin cibiyar nazarin ƙasa da ke Toro a Jihar Bauchi sun ɗauki motsin, kuma ƙarfinsa wajen maki 3 ne a ma'aunin girgizar ƙasa. A wurin masana wannan ƙarami ne ƙwarai. Amma abin da ya fitar da mutane daga ɗaki shi ne maimaicin. Da sau ɗaya aka yi, da an yi salati, an kira sunan Yesu, an koma gonar citta. To ga shi an yi, an lafa, an sake yi. Iyaye mata suka shimfiɗa tabarma a tsakar gida da yara, cikin damina da sauro, don ba wanda ya yarda ya kwana ƙarƙashin bangon da ya ga ya buɗe baki. Tambayar da ke bakin kowa ita ce: me ya dawo da shi, kuma zai ƙara dawowa?

Wannan tambaya tana da amsa, kuma har yau ina jin ciwon yadda ba ta isa kunnen talaka a harshen da yake ji ba.

Dutsen da muke zaune a kansa tsoho ne, ya sha matsa da murɗa tun kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, kuma a cikinsa akwai tsofaffin tsagogi. Gefuna biyu na tsaga suna manne da juna saboda kaushi da nauyin da ke danne su, alhali ƙarfin da ke tura ɓawon duniya yana ta taruwa a hankali. Ranar da turin ya fi ƙarfin riƙon, sai dutse ya zame farat ɗaya. Ita ce girgiza. Sai dai ba dukkan tsagar ce ke zamewa ba, kuma inda ya zame ɗin ma ba daidai yake zamewa ba. Kamar a ce maza shida ne ɗauke da gungumen maɗaci a kafaɗa, na tsakiya ya zame. Gungumen bai rage nauyi ba, na kusa da shi ne suka karɓa, kuma wanda dama gwiwarsa ke rawa shi zai bi baya. Haka wurin da ya zame yake sauke kayansa a kan maƙwabtansa. Wani ɓangaren ya saki cikin minti kaɗan, wani ya jure kwana ko mako, domin riƙon dutse a hankali yake sanyi, kuma ruwan da ke cikin ƙofofin dutse yana ɗaukar lokaci kafin ya kutsa sabbin tsagogi ya sassauta su.

Wanda ya fara ƙirga abin da kyau wani masanin Japan ne, Fusakichi Omori. Bayan girgizar Nobi ta 28 ga Oktoba 1891, wadda ta kashe mutum fiye da 7,000, ya bi lissafin ƙananan girgizar da suka biyo baya, a 1894 ya fitar da ƙa'idarsa: yawansu yana raguwa da tafiyar lokaci, rana ta biyu kusan rabin na ranar farko, rana ta goma kusan ɗaya bisa goma. Suna saurin raguwa da farko, sannan su yi ta jan ƙafa. Daga baya Markus Båth na Suwidin ya lura cewa mafi girma a cikin masu biyowa yakan gaza babbar girgizar ta farko da kimanin maki 1.2. Wannan ba alkawari ba ne. A Turkiyya ranar 6 ga Fabrairu 2023, mai maki 7.8 ta yi da asuba, bayan kamar awa tara mai maki 7.5 ta tashi a wata tsagar da ke maƙwabtaka.

Da an tara jama'a a fadar Kpop Ham, wato sarkin Ham, da majami'u da masallatai an faɗi wannan da Hausa da harshen Ham, da an rage jita-jita, kuma da mutane sun san inda haɗarin yake. Ƙaramar girgiza ba ta cika kayar da lafiyayyen gini ba, amma bangon jar ƙasa da ya riga ya tsage, ga shi ya sha ruwan Agusta, ɗan motsi ya ishe shi. Saboda haka waɗanda suka kwana a waje sun yi daidai, ko da ba su taɓa jin sunan Omori ba.

Shekara biyu bayan girgizar Kwoi, a Satumba 2018, ƙasa ta motsa a Mpape da ke Abuja, ita ma ta yi ta maimaitawa kwanaki. Da yake a hancin gwamnati ne, sai ga kwamiti da maganar ƙara na'urorin awo. Mu a nan abin da nake so magini da mai gida su riƙe ya fi wannan sauƙi: tsagar da ta ratsa bango daga kusurwar taga zuwa tushe, shafe ta da siminti ba gyara ba ne. A duba tushen, a ɗaure ginin da rodi a saman taga kafin a ɗora rufi.