Babur ɗin da Honda ta haƙura da shi a 1977, yau ake rububinsa

Yau tarihin wani babur zan ba ku. Na san wani zai ce, to babur kuma har wani tarihi gare shi? Ku dai biyo ni. Babur ne da kamfanin da ya ƙera shi ya haƙura da shi bayan shekara uku kacal, amma yau akwai mutanen da abincinsu ke nan: su nemo gawarsa a tsohon gareji, su tashe ta, su sayar. Sunansa Honda CB400F.

A 1969 Honda ta fito da CB750, ƙaton babur mai silinda huɗu, ya girgiza kasuwar duniya. Sai suka ce bari su yi masa ƙane. A 1972 aka yi CB350F, lafiyayye, ba jijjiga, sai dai ba shi da wani kuzari. Shi aka sake wa fasali a 1975, aka ƙara injin ya kai cc 408. Don ku gane girman, Boxer ɗin da 'yan acaɓa ke hawa cc 100 ne ko kusa da haka, silinda ɗaya. Wannan kuwa ajin tsakiya ne: ya wuce na zuwa cefane, bai kai manyan dodanni ba.

Abin da ya fi ɗaukar ido a jikinsa salansa ce. Bututu huɗu ne suka fito daga gaban injin, suka karkata gefen dama a jere, suka haɗe a salansa guda. Giya shida gare shi, ƙarfin doki 37, yana taɓa kilomita 160 a awa. Kan babur ɗin a ƙasa yake, matakan ƙafa kuma an ja su baya, dole mahayi ya ɗan duƙa kamar mai tsere.

To me ya kashe shi? Amurka ce babbar kasuwar Honda a lokacin, su kuma Amurkawa sun fi son zama a miƙe, a kan babban inji. Masu son gudu kuwa ga Yamaha RD350, daga baya RD400, irin injin nan mai ƙona fetur tare da baƙin mai kamar Vespa, ya fi shi tashi, ya fi shi rashin nauyi. Sannan silinda huɗu da kafireto huɗu tsada gare su wajen ƙerawa, ko da injin ƙarami ne.

Amma dukan da ya fi ciwo daga gida ya zo. A 1975 ɗin dai, hukumomin Japan suka tsaurara dokar lasisi saboda yawan haɗurra da gungun matasa masu tseren dare. Aka ce lasisin tsakiya iyakarsa cc 400. Wanda ke son hawa abin da ya fi haka sai ya ci wata jarrabawa da mafi yawan masu shiga faɗuwa suke yi. Ku tuna, babur ɗinmu 408 ne. Takwas kacal! Dole Honda ta sake yin wani mai cc 398 a 1976 don kasuwar gida, wato kuɗi kan kuɗi. A 1977 aka rufe babinsa, aka maye gurbinsa da CB400T mai silinda biyu, wanda ya fi arha wajen ƙerawa kuma ya ma fi shi ƙarfi. Turawan Ingila dai sun so shi tun farko, wannan a faɗa.

Sai shekaru suka tafi. Yaron da yake ɗan sha takwas a 1975, yana leƙen babur ɗin a shago ba kuɗin saye, yanzu ya yi ritaya, kuɗi na hannu. Ba gudu yake nema ba, ai babur ɗin zamani mai rabin girmansa zai iya ba shi wahala a titi. Ƙuruciyarsa yake son saye. Nan kasuwar ta juya: waɗanda aka kai Amurka da Turai, su ne dillalai ke bi suna tattarawa, ana lodawa a kwantena ana mayar da su Japan, inda mai kyau ke kai miliyoyin yen.

A Ingila, ƙarshen 2011, kamfanin David Silver Spares, masu sayar da kayan gyaran tsofaffin Honda, suka sanar cewa za su sayi kusan guda hamsin su gyara su rukuni-rukuni su sayar. Ku lura da dabarar. Fenti a yi wa da yawa lokaci guda, kayan gyara kuma na shagonsu ne. A ganina wannan ya fallasa gaskiyar sana'ar: babur guda ɗaya, in za ka yi masa aikin ƙwarai, sau da yawa kuɗin da za ka kashe sun fi abin da za a taya.

Ina kuɗin ke tafiya? Mu ɗauki injin. Sandar da ke buɗe bawul-bawul kai tsaye take juyawa a cikin alminiyon na kan injin, ba wani abu a tsakaninsu sai baƙin mai. In mai shi na farko malalaci ne wajen juyen mai, kan injin ya cinye ke nan, sai dai a nemo wani. Akwai kuma ƙarfen da ke ɗaure sarƙar taimin, yana da halin ƙagewa. Mutane su yi ta murɗa notinsa da ƙarfi har su lalata mazauninsa, kuma kafin ka kai gare shi sai ka farke injin gaba ɗaya. Kafireto huɗun nan, in fetur ya kwana shekara ashirin a ciki, ya zama danƙo. Ka wanke, sannan ka daidaita su su ja iska daidai wa daida. Salansar da ake yabo kuwa ita ce farkon abin da tsatsa ke ci, daga ciki.

Shi ya sa gogaggu ba sa ruɗuwa da ƙyalli. Ɗan kasuwa mai gaggawa zai fesa wa tanki sabon jan fenti, ya goge ƙarafa, ya bar ciwon a cikin inji. Mai saye da ya san kan abin lambar jiki da lambar inji yake fara dubawa, ya tada shi da sanyin safiya ya kasa kunne, ya nemi hotunan aikin da rasit. Wani ma ya fi son tsohon fentin kamfani da ya koɗe a kan sabon da aka fesa jiya. Mu nan da tuni 'yan gwangwan sun ɗora shi a sikeli.

Ita kuwa dokar 1975 har yau tana aiki a kasuwar. Iyakar cc 400 na nan a lasisin Japan, don haka ainihin mai cc 398, da yake ba a yi shi da yawa ba, ya fi tsada. Waɗanda ake dawowa da su daga waje kuma 408 ne. Sai aka samu shagunan da ke farke injin, su rage shi ya koma 398, a sake masa rajista, don mai lasisin tsakiya ya samu ya hau.