Daga Gyaran Tauna Zuwa Gyaran Fuska

A shekarar 1849 wani likitan Amurka, Simon Hullihen, ya wallafa rahoton yadda ya yanke ƙashin muƙamuƙin wata budurwa da tabon ƙuna ya karkatar mata da baki, ya daidaita shi. A wancan zamani, manufar irin wannan aiki ita ce gyaran naƙasa. A 1957 Richard Trauner da Hugo Obwegeser suka wallafa dabarar tsaga ƙashin ta cikin baki, wadda ba ta barin tabo a fuska. Rashin tabon ne ya jawo hankalin masu neman kyau.

Koriya ta Kudu ta mayar da aikin kasuwa. A 2009 ta halatta wa asibitoci neman majinyata daga ƙetare, unguwar Gangnam da ke Seoul kuwa ta zama matattarar masu son siririyar haɓa.

A 2016 wani ɗalibi, Kwon Dae-hee, ya rasu sakamakon zubar jini bayan tiyatar muƙamuƙi, yayin da likitansa ke zagaya wasu ɗakunan tiyata. Fafutukar mahaifiyarsa ta taimaka wajen kafa dokar 2021, wadda ta tilasta sanya kyamarori a ɗakunan tiyata daga 2023. Sai dai ba a naɗar hoton sai majinyaci ko waliyyinsa ya nema, baƙon da bai san dokar ba kuwa ba zai nema ba.