Ƙaramin jirgin da ya ƙetare Tekun Atlantika da man da bai kai galan ɗaya ba

A tarihinmu na wannan makon za mu leƙa shekarar 2003, lokacin da wani ƙaramin jirgin sama, irin wanda ake tuƙawa da rimot, ya tashi daga Kanada ya sauka a Ayaland.

Wanda ya ƙera shi Ba'amurke ne mai suna Maynard Hill, masanin ƙarafa. Shekarunsa 77 a lokacin, ganinsa ya kusa tafiya, jinsa ma ya yi rauni. Dokar hukumar wasannin sararin sama ta duniya, FAI, a lokacin ita ce kada nauyin irin wannan jirgi, har da mansa, ya wuce kilo 5, kada injinsa ya wuce cc 10. Tafiyar kuwa ta haura kilomita 3,000.

Da yawanmu inji mafi ƙarfi za mu nema. Shi Hill marar shan mai ya nema. Ya ɗauki injin OS na Japan mai bugu huɗu, wanda ke ƙona mai sau ɗaya a duk juyi biyu, ya sa masa ƙaramar kafireta, ya ba shi man fitilar Coleman da ɗan man shafe. Da haka injin ya koma shan kusan mililita 60 a awa. Gangar jirgin kuma ya yi ta da katakon balsa marar nauyi, faɗin fukafukai kamar ƙafa 6.

Sai matsalar daidaito. Kowane jirgi yana da wurin da nauyinsa ke taruwa, inda in ka tallafe shi da yatsu biyu a ƙarƙashin fukafukai zai tsaya bai rinjaya ba. Yawanci wurin yana tsakanin kwata da sulusin faɗin fiffike daga bakinsa na gaba. In nauyi ya yi gaba, hanci zai riƙa nutsewa, a yi ta fama da shi. In ya yi baya abin ya fi muni, domin jirgin zai ɗaga kai, ya rasa gudu, ya faɗo. To kusan rabin nauyin jirgin Hill mai ne, kuma yana raguwa kowace awa. Shi ya sa maƙera ke aza tanki a kan wurin daidaiton, don ko ya cika ko ya ƙare jirgin bai karkata ba.

Jirage uku ya yi asara a 2002, na huɗu ya ɓace a teku a 2003. Na biyar, TAM-5, ya tashi daga Cape Spear a Newfoundland ranar 9 ga Agusta. Da ya yi sama aka miƙa tuƙin ga na'ura mai bin GPS. Bayan awa 38 da minti 52, ranar 11 ga wata, Dave Brown ya karɓe shi da rimot ya sauke shi kusa da Clifden, yankin da Alcock da Brown suka sauka a 1919 bayan ƙetare tekun a karon farko ba tare da yada zango ba. Man da ya rage bai kai na awa ɗaya ba.

Don haka ƙannenmu masu haɗa jirgi a gida, kafin ku kashe kuɗi a kan babban inji, ku fara ɗora jirgin a kan yatsu biyu. Hill ya rasu a 2011. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.