Duwatsun Abzin: yadda lokutan shekara ke juya rayuwa

Abzin yanki ne na duwatsu a jahar Agadas, arewacin ƙasarmu. A nan dutsen Bagzan yake, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, babu wurin da ya fi ta tsawo a Nijar. Mu a kudu gona muke kallo mu san lokaci. Su ko can, ƙorama da rijiya ne ma'auninsu.

Damina gajera ce, daga watan Yuli zuwa Satumba, ruwan kuma kaɗan ne. To amma dutse ba ya shan ruwa. Da an yi sama, sai ya gangaro da ƙarfi cikin ƙoramu, ya yanke hanyoyi, wani lokaci ya ci garake. Haka ƙoramar Telwa ta yi ambaliya a birnin Agadas cikin Satumban 2009. Sai dai wannan ruwan shi ke nutsewa cikin rairayi ya cika rijiyoyi, da shi ake ban-ruwa duk shekara, da raƙumi ko da inji. In ƙorama ba ta kawo ba, garka ta shiga uku.

Da kaka ake cire albasa a wajejen Tabelot da Bagzan. Tana fitowa daidai lokacin da ta Galmi ta yi ƙaranci, shi ya sa take samun kuɗi a kasuwa. A watan Oktoba kuma ayarin raƙuma ke tashi, ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma ɗauko gishiri da dabino.

Ɗari fa ba na wasa ba ne. A Disamba da Janairu, bisa tsaunuka, sanyin dare kan kai har ruwa ya daskare. Lokacin ne na alkama, tafarnuwa da dankalin turawa, lokacin ne kuma lemun Timiya ke nuna. Masu ayari na gangarowa Damargu da ƙasar Hausa, su sayar da gishiri su sayi hatsi.

Da bazara rijiyoyi na ja da baya, ciyawa ta ƙare, mata na kora awaki nesa neman ganyen itatuwa. Masu ayari sai su kama hanyar gida da hatsinsu kafin ruwan farko ya cika ƙoramu ya tare musu hanya.